Tutar Runduna da Amanar da Ke Ɗinke a Jikinta

A babban faretin soja akwai wani lokaci da komai yake canjawa. Badujala takan sauya kiɗa, sahun sojoji su ƙame, sai ga wasu matasan hafsoshi biyu sun fito ɗauke da tutoci, sojoji masu bindiga da banati a baki suna yi musu rakiya. A daidai nan manyan baƙi sukan miƙe tsaye, ka ga janar mai furfura ya sara wa tutar da wani ƙaramin laftanar, sa'an ɗansa, yake riƙe da ita. Da yawa daga cikin mutanenmu suna ɗaukar wannan a matsayin adon fareti kawai, wasu kuma abin yana yi musu nauyi a zuciya, domin suna ganin girmamawar ta yi wa ƙyalle yawa. Ni kuwa ina ganin babu waɗanda ya kamata su fi mu fahimtar sha'anin tuta, mu mutanen Katsina da Daura, tunda tarihin ƙasashenmu na shekaru ɗari biyu da suka wuce daga miƙa tuta ya ɗauki sabuwar hanya, kuma kakanninmu sun zubar da jini a ƙarƙashin tutoci iri dabam-dabam, daga Sakkwato har zuwa dazuzzukan ƙasar Bama, wato Miyanma ta yanzu.

Buƙata ce ta haifi tutar yaƙi. A zamanin da ake gwabzawa gaba da gaba, ƙura ta turnuƙe, hayaƙin albarushi ya rufe fili, haniniyar dawaki da ihun maza su hana a ji umarnin kowa, mayaƙi ba shi da hanyar sanin inda 'yan'uwansa suke sai ya ɗaga kai ya nemi tutarsu. Muddin tana tsaye ya san rundunarsa ba ta watse ba. In ta matsa gaba ya bi ta, in sahu ya karye kuma a gindinta ake sake haɗuwa. Da zarar ta faɗi, ko ta shiga hannun abokan gaba, gwiwar mutane takan yi sanyi ko da ba a yi musu ɓarna mai yawa ba. Shi ya sa ba a ba matsoraci riƙon tuta, kuma shi ya sa mai tuta ya fi kowa kusa da mutuwa, domin kowace kibiya da kowane harsashi shi suke nema.

Ɗalibin da ya karanta tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya san wannan tun daga makarantar Islamiyya. A yaƙin Uhudu Mus'abu ɗan Umairu ne ya riƙe tuta har ya yi shahada. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe ta aka kashe shi, Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya karɓa aka sare masa hannun dama, ya mayar da ita hagu aka sare, ya rungume ta da ƙirjinsa har ya faɗi, sannan Abdullahi ɗan Rawaha ya ɗauka shi ma ya yi shahada, kafin Khalidu ɗan Walidu ya karɓe ta ya janye rundunar cikin hikima. Babu wanda zai ce waɗannan bayin Allah saboda tsadar ƙyallen suka ba da rayukansu. Amana aka damƙa musu, kuma tsayuwar jama'a gaba ɗaya tana rataye da tsayuwar abin da ke hannunsu.

A kan wannan turba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi bayan da jihadi ya fara a 1804. Malamin da ya je ya yi mubaya'a, aka yarda da iliminsa da jagorancinsa, sai a ba shi tuta ya koma ƙasarsa, tutar nan kuwa ita ce shaidar cewa da izini yake aiki. Yakubu ya kai tasa Bauchi, Modibbo Adama ya kai tasa Fombina, wato Adamawa, Buba Yero ya kai tasa Gombe. A Katsina mutum uku ne suka jagoranci al'amarin, Ummarun Dallaje da Ummarun Dunyawa da Malam Na Alhaji, daga baya sarauta ta tabbata ga Ummarun Dallaje, yayin da zuriyar sarakunan da suka gabata suka yi arewa suka kafa Maraɗi. A Daura Malam Isiyaku ne mai tuta. Kowane ɓangare na wannan tarihi mutum ya fito, ko gidan waɗanda suka zo da tuta ko gidan waɗanda ta tarar, ba zai musa cewa wani yanki na ƙyalle a kan sanda ya taɓa ɗaukar nauyin halaccin mulki a ƙasar nan ba.

Tsarin da sojojin Nijeriya suke bi a yau kuwa daga Ingila aka gaje shi. A can, tun daga dokar da aka kafa a 1751, kowace bataliyar sojan ƙasa tutoci biyu take riƙewa: ɗaya ta sarki ko sarauniya, wadda ke nuna biyayya ga ƙasa, ɗaya kuma ta rundunar kanta, mai ɗauke da tambarinta da launinta. Mafi ƙanƙanta cikin hafsoshi ake ba su, sau da yawa samari ne da ko gemu ba su tara ba, a kewaye su da gogaggun saje-saje waɗanda aikinsu shi ne su mutu kafin a kai ga tutar. Domin kada kurtu ya rikice ranar yaƙi, sai aka riƙa zagayawa da tutar sannu a hankali a gaban sahu, kowa ya ƙare mata kallo ya shaida ta. Wannan zagaye shi ne asalin babban faretin da ake yi a Landan kowane watan Yuni domin bikin haihuwar sarki, al'adar da aka fara dangantawa da wannan rana tun 1748. Mu a nan, da ƙasa ta zama jamhuriya, tutar ƙasa mai kore da fari ce ta maye gurbin ta sarauniya, amma tsarin biyun yana nan.

Labarin da Turawan Ingila suka fi ji da shi a wannan fage a nahiyarmu ya faru. Ranar 22 ga Janairu, 1879, mayaƙan Zulu na Sarki Cetshwayo suka murƙushe rundunar Ingila a Isandlwana, suka kashe mutum sama da 1,300. Da aka ga babu sauran tsira, wani laftanar mai suna Melvill ya ɗauki tutar sarauniya ta bataliya ta ɗaya ta runduna ta 24 ya sukwani doki da ita zuwa kogin Buffalo, inda ruwa ya fi ƙarfinsa, wani laftanar kuma, Coghill, wanda ya riga ya haye, ya komo cikin ruwan don ya taimake shi. An kashe su duka biyu a gaɓar kogin, tutar kuma ruwa ya tafi da ita, sai bayan kwanaki aka tsinto ta a yage. Har yau tana ajiye a babbar majami'ar garin Brecon da ke Birtaniya, kuma a 1907 aka ba mamatan biyu lambar jarumta mafi girma ta ƙasarsu. Ina karanta wannan labari da zuciya biyu, domin Zulu ƙasarsu suke karewa daga mamaya, kuma nasararsu abin alfahari ce ga duk baƙar fata. Duk da haka ba na iya raina saurayin da ya riga ya tsira, ya juyo da dokinsa ya koma cikin ruwa saboda ɗan'uwansa da abin da aka damƙa masa.

Shekaru biyu bayan haka aka rufe wannan babi. A watan Janairun 1881, a wani wuri da ake kira Laing's Nek a kudancin Afirka, runduna ta 58 ta shiga yaƙi da tutocinta a buɗe, maharban Turawan Bowa, jikokin mutanen Holan da suka zauna a can, masu bindigogin da ke cin nesa, suka yi ta kakkaɓe masu riƙe da su. Wannan ne karo na ƙarshe da sojojin Ingila suka kai tutar runduna fagen fama. Makami ya canja, tsayawa a fili da babbar alama ya zama kiran ajali, daga baya kuma waya da rediyo suka karɓe aikin sanar da mayaƙi inda zai nufa. Mutum zai zaci daga nan darajar tuta za ta dushe, sai ga shi ƙaruwa ta yi, saboda wani aiki na biyu da ta daɗe tana yi a hankali: a jikinta ake ɗinka sunayen wuraren da runduna ta yi yaƙi ta nuna bajinta.

Nan ne maganar ta fi shafar mu. Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga shekarunta daga 1863, lokacin da wani hafsan jiragen ruwa mai suna John Glover ya tara mutum 18 a Legas, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga wannan ƙaramin tushe aka bi ta matakai har Lugga ya kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19, aka haɗe bataliyoyin arewa da na kudu suka zama Rundunar Nijeriya a 1914, Sarauniya Elizabeth ta jingina ta da sunanta lokacin ziyararta ta 1956, kafin ta zama rundunar jamhuriya a 1963. A tsawon mafi yawan wannan zamani Hausa ce harshen bariki. Idan aka duba sunayen yaƙe-yaƙen da aka amince wa wannan runduna ta ɗauka, za a ga Duala da Garwa da Banyo daga yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916, a ga Behobeho da Nyangao daga gabashin Afirka, a ga mashigar Marda daga yaƙin Habasha na 1941, sannan a ga jerin sunayen ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma: Kaladan, Myohaung, Dalet, Tamandu, Arakan. A can runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka fafata da sojojin Japan a cikin daji da ruwan sama da zazzaɓi, a yaƙin da tsofaffinmu suke kira yaƙin Hitila, kuma Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya yi tattaki ya je ya gaishe su.

Abin da ke damuna shi ne waɗannan sunaye suna kewaye da mu amma sun zama kurame. Direban da ke sauke fasinja a ƙofar barikin Dalet a Kaduna, ko ɗalibin da ke wuce barikin Chindit a Zariya, wanda ya ci sunan wata runduna ta musamman da ta yi yaƙi a Bama, da wuya ya san cewa sunan yana komawa ga inda 'ya'yan ƙauyukan ƙasar Hausa suka mutu dubban mil daga gida. Rundunonin da ke da hedkwata a Legas da Inugu har yau suna riƙe da lambobin 81 da 82 saboda wancan tarihi. Mun taso mun tarar da ragowar waɗancan mazaje a unguwanninmu, tsofaffi masu tafiya a miƙe, wasu suna gadi, wasu suna dogarin hukuma, ana yi musu laƙabi da Saje ko Kofur har suka koma ga Allah, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka zauna suka tambaye su abin da suka gani. Yanzu kusan duk sun tafi. Abin da ya rage na shaidarsu shi ne 'yan lambobin da ke cikin adakar jikoki, da sunayen da aka ɗinka da zare a kan tuta.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa, wanda bai kamata a tsallake shi ba. Rundunar da ake yabon jarumtarta a Bama ita ce dai wadda ta fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, ta kuma isa Sakkwato ranar 15 ga Maris, kuma kuratan da suka harba bindigogin yawancinsu 'yan ƙasa ne, da yawansu ma Hausa suke ji. A filin Giginya, bayan igwa da bindiga mai ruwa sun tarwatsa mahaya, wasu mutane ƙalilan suka ƙi gudu, suka tsaya a gindin tutar Sarkin Musulmi har aka kashe su. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'a mai yawa suna bin sa, aka cim masa a Burmi, a cikin jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli, 1903, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, tutar kuma ta koma hannun Turawa. Katsina ba a yi yaƙi ba, an karɓi Lugga a ƙarshen watan Maris na wannan shekara, amma faɗuwar waccan tuta ta shafi kowace masarauta da ta taɓa karɓar tuta daga hannun Shehu. Sai a 1960, shekarar 'yancin kai, aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. A ganina wannan mayarwa tana cikin abubuwa mafi ma'ana da aka yi a wancan lokaci, domin waɗanda suka ƙwace ta sun san abin da suka ƙwace, kamar yadda suka san ciwon rasa tasu a hannun Zulu. Sojan Nijeriya na yau magajin ɓangarorin biyu ne, wanda ya harba da wanda ya tsaya a gindin tuta, kuma gaskiya ta fi kyau a faɗe ta haka.

Ladubban da ke kewaye da tutar runduna suna da yawa, amma kowanne yana da dalilinsa. Ba a fara amfani da sabuwar tuta sai an yi mata biki: a tara gangunan badujala a tsakiyar fili, a jingina ta a kansu, malaman addini na soja su yi addu'a, sannan shugaban ƙasa ko wakilinsa ya miƙa ta ga hafsan da zai riƙe. Ba ta fita ba tare da masu gadi ɗauke da makami ba. In tana cikin kubenta wani hukunci ne, in an warware ta kuma duk sojan da ta gifta dole ya sara, komai girman muƙaminsa. Rundunar igwa ba ta da irin wannan tuta a al'adar da aka gada, manyan bindigoginta ne suke tsaya mata a wannan matsayi, shi ya sa barin igwa a hannun abokan gaba yake daidai da rasa tuta. Mutumin Katsina ba zai yi mamakin wannan ba in ya tuna da matsayin Gwauron Tambari a fada: fata ce da itace, amma ba kowa ke taɓa shi ba, ba kullum ake kaɗa shi ba, kuma a zamanin yaƙi babu abin kunya ga sarki kamar a ce an ƙwace masa tambura.

An ga wannan biki a cikakkiyar siffarsa a watan Afrilun 2023 a Dandalin Eagle da ke Abuja, inda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura kuma tsohon janar, ya miƙa sababbin tutoci 81 ga rundunonin sojan ƙasa, wasu domin maye gurbin waɗanda suka tsufa, wasu kuma ga rundunonin da aka kafa daga baya. Yawan sababbin rundunonin kansa labari ne, domin yaƙin arewa maso gabas da matsalar 'yan bindiga a yankinmu su suka tilasta faɗaɗa sojan, har Katsina ta samu birged ta 17. Matasan da ke bayan waɗannan sababbin tutoci ba a Bama suke mutuwa ba. A kan hanyoyinmu da dazuzzukanmu suke faɗuwa, a wuraren da muka san sunayensu tun muna yara.

Game da masu jin nauyin sara wa tuta, ina girmama tsoron da ke zuciyarsu, domin kishin tauhidi ne ya kawo shi, kuma al'ummar da ba ta da masu irin wannan taka-tsantsan tana cikin haɗari. Sai dai abin da nake gani a fili shi ne sojan da ya sara ba ya ruku'u, ba ya sujada, ba ya roƙon tutar ta amfane shi ko ta kare shi. Irin gaisuwar da yake yi wa hafsan da ke gaba da shi ita yake yi mata, yana nufin ƙasar da ya yi wa rantsuwa da 'yan'uwansa da suka riga shi. Tambarin rundunar sojan ƙasa ma, wanda ke kan tutarta mai ja da baƙi, yana ɗauke da rubutun Larabci da ke cewa nasara daga Allah take. Inda ya kamata a ja kunne shi ne kada girmama alama ya tsaya ga alama. Rundunar da ke sara wa sunayen matattunta a filin fareti wajibi ne a ga wannan girmamawa a yadda ake kula da matansu da marayunsu, da yadda ake biyan haƙƙin waɗanda suka dawo da rauni.

Saura maganar tsofaffin tutoci. A Ingila, idan tuta ta gama aikinta, ana yi mata fareti na ban kwana, a kai ta majami'a ko zauren gari a rataye, ba a wanke ta, ba a yi mata ƙari, a bar ta ta tsufa a idon jama'a har zarenta ya zube. Amfanin wannan shi ne farar hula suna ganinta, yaro ya tambayi mahaifinsa ma'anar sunayen da ke jiki. Mu kuwa bariki wuri ne mai shinge, kuma yanayin tsaro ya ƙara nisanta shi da mutanen gari, don haka mafi yawan 'yan Katsina za su rayu su mutu ba su taɓa tsayawa kusa da tutar wata bataliya ba. Muna da inda ya dace: tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Garin da ya haifi Janar Hassan Usman Katsina da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya cancanci ɗaki guda da za a ajiye tsohuwar tutar bataliyar da ta daɗe tana aiki a jihar, a kawo 'yan makaranta daga Daura da Funtuwa da Dutsin-ma su gani. A gefenta a kafa allo da Hausa, a rubuta sunan rundunar, da shekarar da aka miƙa mata tutar, da shekarar da aka sauke ta, da wuraren da ta yi aiki, sannan a jera sunayen waɗanda suka mutu a ƙarƙashinta tare da garuruwansu, daga hafsa har zuwa kurtu.